Itacen Jegon Saliha

Duk wanda ya bi ta unguwar 'yan gudun hijira da ke gefen Cadakori a waccan bazarar, sai ya rage sauri ya kalli itacen Zinariya. Tsibi ne guda da ya kusa kai tsawon bukkarta, manyan gumagumai a ƙasa, ƙirare a sama, an lulluɓe shi da tsohon tamfal an danne da duwatsu. A ƙasar da mata ke tuƙa tuwo da karan gero da kashin shanu, wannan dukiya ce. Maƙwabta kan tsokane ta su ce suna dai Zinariya, amma ko ta ɗan kunne ba ta taɓa riƙewa ba, ashe tata a bayan ɗaki take jibge. Ita kuwa ba ta wasa da zancen itacen nan, kuma ko tsinke ba ta taɓa zara don girkin kanta ba.

Ba sara ta yi ba. A nan kowace bishiya da mai ita, manomi yana renon gawo da kalgon gonarsa yadda yake renon akuya, baƙo bai isa ya ɗora musu gatari ba. Da ƙarfinta ta same shi. Tun kaka take bin gidajen 'yan gari tana sussuka da surfe, in an gama aka ɗebo mata gero a kwano sai ta ce a'a, a ba ta reshe daga cikin sassaben gona. Matan gida su dube ta, tsohuwa ƙashin wuya a waje tana ƙin hatsi, su yi zaton gudun da ta sha ya taɓa mata kai. Ba ta tsaya yi wa kowa dogon bayani ba. 'Yarta Saliha ce ke da ciki, itacen na wankan jegonta ne.

Zinariya ta san abin da rashin wuta ke yi wa mai jego, ba labari aka ba ta ba. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mata, Saliha ta fari da ƙanwarta Latifa. Latifa ta haihu, ko suna ba a kai ga yi ba 'yan bindiga suka faɗa wa garinsu can tsallaken iyaka, ana tsakiyar damina. Ta shiga daji da ɗanyen jiki. Suka ratsa gulbi ruwa iya ƙirji, suka kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, babu halin hura wuta don hayaƙi zai tona su. Zazzaɓi ya rufe Latifa, ƙafafunta suka kumbura har fatar tana sheƙi. Sun tsallako Nijar ke nan ta cika, jaririyar ta bi ta ba da jimawa ba. Tsofaffin da suka yi mata wankan gawa suka ce sanyi ne ya shige ta, da ta samu ruwan zafi da kunun kanwa da yanzu tana nan. Maganar nan ta zauna wa Zinariya a ƙirji, da ita take kwana da ita take tashi.

Sai dai akwai wani abu tsakaninta da wadda ta rage. Saliha 'yar fari ce, Zinariya kuwa irin matan da ce, masu riƙe kunya da hannu biyu. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke, can ta girma, can aka yi mata aure, Zinariya na kallo daga nesa kamar 'yar maƙwabta. In magana ta kama, Latifa ce manzo: ki ce wa waccan kaza, ki ce wa Inna kaza. Da Latifa ta tafi sai hanyar ta toshe. Ga su nan bukka na kallon bukka, uwa da 'ya, sai dai a ajiye kwano a bakin ƙofa a yi gyaran murya. Kada wani ya ce ba ta sonta. Sonta take yi har yana mata ciwo, wurin zuba shi ne babu. Haihuwar Saliha ta farko, wadda ba ta zo da rai ba, uwar miji ce ta yi mata jego, yanzu kuwa uwar mijin ƙasa ta rufe ta. Wannan karon babu mai tare wa Zinariya gaba. Hannunta zai taɓa jikin 'yarta safe da yamma har arba'in, kuma babu mai cewa ta yi rashin kunya.

Haihuwa ta zo da sauƙi a likitar da ke kusa da su, ɗan ƙaramin asibiti, aka samu namiji. Ungozomar likitar, wata doguwa mai suna Fauziyya, ita ke yi wa Saliha awo tun cikin yana ƙarami, ta kuma sha gaya mata jininta ya hau. Saliha ba ta kawo zancen gida ba, to ta wace ƙofa za ta shigo da shi? Ranar sallama Fauziyya ta ja Zinariya gefe.

"Inna, na san wanka za ku yi mata. Ruwa mai ɗumi ya isa, ba tahwasasshe ba. Kanwa ko kada ta sha, jininta bai sabka ba. In kunka ga ƙahwa ta kumbura, ko numfashi na yi mata wuya, ku maido min ita ran nan."

Zinariya ta ce to, ta yi godiya har da rusunawa. A hanya ta yi tsaki a ranta. Yarinyar kirki ce, amma abin da ke bakinta na lakol ne, karatun boko. Ai Latifa ta bi wannan dokar tiryan-tiryan, ba ta ga tafasasshen ruwa ba, ba ta ɗanɗana kanwa ba, ga ta can kwance a bakin iyaka ko alama babu a kabarinta.

Washegari aka yaye tamfal. Zinariya ta aro rabin ganga wajen maƙwabciyarta Zulai, ta kafa murhu a bayan bukka cikin zagayen zana, ta cika gangar ta hura wuta ta gaske. In ruwa ya tafasa sai ta ɗauko ɗaurin ganyen dogon yaro ta tsoma ta fyaɗa, baya, ƙugu, ciki, cinya, tururi ya rufe su su biyu. Saliha ta cije leɓe, ko motsi ba ta yi. A cikin tururin nan ne Zinariya ta fara sanin jikin 'yarta. Ta ga tabon ƙuna a kafaɗa wanda ba ta san ranar da aka same shi ba, ta ga yatsun ƙafa irin nata sak. In an fito ga kunun kanwa a ƙwarya, jar kanwa da ta zaɓo da kanta ran kasuwar Cadakori, an dama shi da kauri an zuba yaji. Ba ta taɓa jin daɗin duniya irin na kwanakin nan ba, ko a amarcinta.

Suka kuma samu sabon manzo. Ran suna aka raɗa wa yaro Isma'ila, Zinariya ta ce ita dai ta yi miji, Maigida take ce masa. Sai ta ɗauke shi ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Maigida, ka ce ma uwakka ta shanye kunun ga, ba don ado na dama shi ba." Saliha ta karɓe shi ta sa a nono ta ce, "Ka ce ma Inna na sha, cikina ba rijiya ba ne." In Zulai ta ji su sai ta yi ta dariya, ta ce yaro ko wuya bai iya riƙewa ba an naɗa shi tafinta. Ta bakin jaririn nan uwa da 'ya suka yi hirar da ba su taɓa yi ba tun da suke. Har labarin tabon kafaɗa ya fito, ashe kasko ne ya kife mata a gidan kaka, ta yi ta kuka tana kiran Inna. Zinariya ta ce wa Maigida hayaƙi ya shige mata ido, ta fita.

Ba a yi nisa da suna ba, wata safiya tana fyaɗa ruwa ta kai dubanta ƙasa. Idon sawun Saliha ya ɓace. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta san ƙafar nan, ta taɓa ganin irinta a bakin iyaka. Maganar Fauziyya ta zo mata, ba mantawa ta yi ba. Amma ta kira Zulai, Zulai ta kira wata tsohuwa, suka duba suka haɗa baki a kan sanyi ne. Ya samu kafa ya shiga, wataƙila ta gefen tamfal da iska ke kaɗawa, wataƙila ma tun na gulbin nan ne, da ita ma Saliha ta ratsa, yake kwance a jiki yana jira. Maganin sanyi kuwa kowa ya san shi.

Zinariya ta ƙara wuta. Ta ƙara kanwa har kunun yana santsi a harshe. Ta kwaɓa laka ta gina ɗan gado a cikin bukka mai rami a ƙarƙashi, in an fito wanka ta kwaso garwashi ta cusa, ta shimfiɗa tabarma ta ɗora Saliha a kai, ta toshe duk wata kafa da tsumma. A waje rana ce ta bazara, irin wadda kaji ke buɗe baki a gindin rumbu. A ciki kuwa ko Zulai ba ta iya zama ta gama gaisuwa. Tsibin itace ya fara ja da baya, Zinariya na kallonsa ba ta jin takaici, don ai ranarsa ke nan.

Kumburi ya hau gwiwa ya wuce. Tari ya shigo, busasshe mai naci. Saliha ta daina iya kwanciya, in ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi gyangyaɗi a zaune. Daga bukka zuwa zagayen wanka sai ta huta a hanya. Ba ta yi ƙorafi ba. Ita ma tun tana yarinya take jiran hannun nan, ba ta ga yadda za ta ture shi ba yanzu da ya zo.

Mijinta Musbahu yana Maradi yana ga-ruwa, jefi-jefi yake leƙowa. Da ya ga yadda fuskar matarsa ta cika, ya fita ya tsuguna a bayan zana, don shi ma ba ya haɗa ido da surukarsa. Ta bakin Zulai ya aika ko za a koma da ita likita. Ta bakin Zulai amsa ta dawo masa, cewa mai jego ba ta fita iska kafin arba'in, a kan amalanke ne ma sanyin zai ƙarasa shiga. Itacen jego nauyin miji ne, shi kuwa ko reshe ɗaya bai kawo ba. Da wane baki zai ja da matar da ta yi sussukar kaka guda ta rufa masa asiri? Ya yi addu'a ya koma bakin aikinsa.

Abu ɗaya Saliha ta taɓa roƙa. Akwai randa a ƙofar bukka, an binne rabinta cikin yashi, ruwanta da sanyi kamar yanzu aka jawo shi daga rijiya. Wata la'asar bayan wanka, leɓenta ya bushe ya tsage, ta dubi yaron ta ce da ƙyar, "Ka ce ma Inna ta ban na randa. Kurɓi guda."

Zinariya ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta kalli randar, ta kalli ƙafafun. Ta ɗauki yaron don hannunta ya samu abin riƙewa.

"Maigida, ka ce ma uwakka ta yi haƙuri. Ran arba'in ni da kaina za ni cika mata ƙwarya, ta sha har ta bari."

Ta zuba mata na tukunya mai ɗumi. Saliha ta sha, ba ta sake tambaya ba.

Arba'in ta kusa, har Zinariya ta fara cewa a ranta in dai an kai, an tsira. Sai ga shi wata rana da hantsi, ana tsakiyar wanka, Saliha ta dafa zana, zanar ta tafi da ita. Da aka ɗago ta numfashinta na ƙara kamar tukunya ta fara tafasa, kumfa na fitowa a gefen bakinta da ɗan ja-ja. Wannan karon ba a nemi shawarar kowa ba. Mijin Zulai ya ɗaura wa sa amalanke, Zinariya ta goya Isma'ila ta hau, ta jingina 'yarta a ƙirjinta. Ko a nan sai da ta lulluɓe ta da bargo.

Fauziyya ta yaye bargon ta jefar gefe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zaunar da Saliha a gado ta tokare ta da matasai, ta yi mata allura, ta daɗe tana sauraron ƙirjinta. Sannan ta tambayi kanwa, ta tambayi wanka. Zinariya ta faɗi gaskiya har da gadon wuta, da ɗan alfahari ma a muryarta, don har lokacin gani take yi shaida ce ta cewa ba ta yi sakaci ba.

"Inna, ba sanyi ba ne," in ji Fauziyya. "Zuciyatta ce ta gaji. Kanwa na tara ruwa a jiki, zahi na ƙara ma zuciya aiki. Yanzu ruwan ya kai huhu."

Ta ce abin ya fi ƙarfin nan, sai babbar likita a birni, inda ke da iskar da ake sa wa mutum a hanci. Motar likita ɗaya ce, ta fita da wata mai naƙuda tun safe, an kira direba ya ce yana hanya. Babu abin yi sai jira.

Zinariya ta zauna a ƙasa gefen gado. Maganar ta shiga kunnenta amma ta rasa wurin zama. In ta yarda da ita, to sussukar kaka, da yunwar da ta sha, da tabon kafaɗar nan da ta yi ta shafawa, duk mene ne sunansu? Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ko a daji ba ta ji ba. Ta zuba wa ƙofa ido, duk ƙarar babur da ta ji sai ta ɗauka mota ce.

Saliha ta buɗe ido. Ba ta nemi yaron ba, yana bayan kakarsa yana barci. Kai tsaye ta dubi uwarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, ruwa."

Fauziyya, tana kan hanyar fita duba wata, ta ce a ba ta kaɗan ta jiƙa maƙoshi, ga randa nan a baranda. Zinariya ta ɗauki moɗa ta ɗebo. Sanyin ruwan ya ratsa ƙarfen moɗar ya taɓa tafinta, sai ta tsaya. Taku kaɗan ne tsakaninta da gadon. Ta ga gulbi, ta ga Latifa ruwa iya ƙirji da jaririya ɗage sama. Ta ce a ranta ko da yarinyar likita ce ke da gaskiya, ɗumi ai ba ya cutarwa, ita da bakinta ta ce mai ɗumi. A ƙofar likita akwai mai shayi. Ta fita da sauri goyo na girgiza, ta roƙe shi ya ɗiga mata na zafi a kai. Butarsa ta huce, ya ce ta dakata ya hura gawayi. Ta dakata. Da ya zuba ta sa yatsa ta ji ya yi daidai, ta yi godiya, ta dawo tana tare bakin moɗar da hannu kada ya zube.

Ta tarar da Fauziyya tsaye a bakin gado, yatsunta a wuyan Saliha, ba ta yin komai. Ɗakin ya yi tsit, ƙarar nan ta ɗauke. Zinariya ta matsa. Ta karkato goyon gefe yadda ta saba.

"Maigida, ka ce ma uwakka ga ruwan."

Yaron ya yi miƙa ya ci gaba da barcinsa. Fauziyya ta ce Inna sai haƙuri, Zinariya ba ta ji ta ba. Ta sunkuya ta buɗe baki, sunan 'yarta ya fito mata a karkace, don harshenta bai taɓa bin hanyarsa ba. Ta sake faɗa a hankali, ya fito daidai. Motar likita ta iso ana rufe Saliha da zane.

A zaman makoki mata suka cika unguwa, har da 'yan garin da ta yi wa sussuka. Bakinsu ɗaya. Ba a taɓa ganin uwar da ta yi wa 'ya jego irin wannan ba, sanyin ne ya riga ya yi nisa, na gulbi ne, babu wutar da za ta fitar da shi. Musbahu ya aiko da godiya ta bakin Zulai. Babu wanda ya zarge ta, wannan kuwa shi ya fi komai ci mata rai. Tana zaune da Isma'ila a cinya tana ɗura masa madarar da Fauziyya ta aiko, tana juya abin ta rasa bakin zaren. Ɗaya ba ta ga wuta ba ta tafi, ɗaya ta ga wuta ta tafi. Ruwan madarar ma da karan gero take tafasa shi, ba ta ko duban inda sauran itacen yake.

Bayan addu'ar bakwai Zulai ta shigo tana murza hannu. Ta ce ta san ba lokacinsa ba ne, amma 'yarta Ummukulsum ta yi nauyi, farkon damina za ta sauka, mijin kuwa ba shi da ko ƙirare. Ga itace ya rage. In da hali ma Zinariya ta riƙe mata ganye, don duk unguwar nan babu mai hannunta.

Maganar Fauziyya ta taso wa Zinariya har maƙoshi. In ta faɗe ta, ta faɗa wa duniya ke nan cewa da hannunta ta yi. In kuma yarinyar likita ce ba ta gane ba, Ummukulsum ta kumbura cikin damina yadda Latifa ta yi, wannan ma a wuyanta. Can ta ce hannunta ba ya ɗaguwa yanzu, a nemi wata.

"Itace ko ku kwashe duka. Amma in ta ce a ba ta ruwa, ku ba ta na randa."

Zulai ta ce to, ta yi godiya har da rusunawa. Zinariya ta san irin wannan to ɗin.

Kafin azahar an kwashe itacen, sai shatinsa a ƙasa da duwatsun da ke danne tamfal. Ranar ce ta kama arba'in ɗin haihuwa. Zinariya ta goya Isma'ila, ta wanke ƙwaryar kunu tas, ta cika ta da na randa kamar yadda ta yi alkawari. Ta ajiye a bakin ƙofar bukkar Saliha, ta yi gyaran murya, ta koma gefe ta zauna. Ƙwaryar na nan har la'asar sakaliya, rana ta ɗumama ruwan.